Waken da Baban Serah Ya Ajiye

Azariya Kambai mutum ne mai tattali, duk unguwarsu a Kafanchan an san shi da haka. Tun da ya yi ritaya daga koyarwa, ko sabulun wanki sai ya yanka shi uku kafin ya miƙa wa matarsa Yemima. A nan ban ga laifinsa ba, fanshon yau wa yake isa?

Da kaka ya sayo buhun wake guda, ya ce kafin damina kuɗinsa zai ninka. Wannan ma dabara ce. Yemima ta roƙe shi ya ƙara ɗan abu ya sayi buhun nan mai leda a ciki, wanda in an ɗaure bakinsa da kyau ƙwari kan mutu da kansu. Ya ce shi ba zai ba ɗan kasuwa kuɗinsa don leda ba, alhali ga ragowar maganin feshin gona a bayan ɗaki.

Ya tsiyaya maganin a kan waken, ya gauraya da hannunsa, ya ɗinke buhu. Yemima ta toshe hanci ta ce, "Baban Serah, abin da kake sa ƙyalle a baki kafin ka fesa, shi za mu ci?"

Ya ce ita ba ta yi kimiyya ba, shi kuwa shekara talatin yana riƙe da alli. A wanke sau biyu kawai, wuta za ta cinye sauran.

'Ya'yana, ku ji taurin kai.

Bayan mako uku 'yarsu Serah ta zo daga Kagoro da cikin wata shida. Shekara takwas da aure, sai yanzu Ubangiji ya duba ta, bayan zumuntar matan coci sun yi ta azumi dominta. Ranar Lahadi suna dawowa daga sujada ta ce alale take marmari. Yemima ta ɗauki jaka za ta je ta auno mudu ɗaya a waje. Azariya ya tare ƙofa, ya ce buhu cike a ɗaki, ba wanda zai kai kuɗi kasuwa. Yemima ta ajiye jakar don kada a yi faɗa gaban 'yarsu. Ta wanke waken har sau huɗu.

Kafin la'asar su ukun suna ta amai. Maƙwabta suka zuba su a keke napep sai asibiti. Tsofaffin biyu sun tashi bayan kwana biyu. Serah ma ta tashi, amma cikin ya zube. Namiji ne.

Da aka sallame su, Azariya ya soma cewa nufin Allah ne. Yemima, wadda ba ta taɓa ɗaga masa murya gaban mutane ba, ta juyo.

"Kada ka sa sunan Allah a ciki. Da hannunka ka zuba, ina tsaye. Ni kuma na dafa."

Mijin Serah ya zo ya ɗauki matarsa, bai ko zauna ba. Har yau ba ta sake taka gidan ba.

Raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna. Ku rage kuɗin kwalliya, ku rage na biki, ba wanda zai mutu. Amma maganin gona na gona ne, kada ya kusanci abin da za a sa a tukunya. Uwargida kuma, in kin san abu guba ne, ki ƙi dafawa, ko da maigida zai yi fushi.