Yatsun Tela

Ɗan Gola ne ya fara shiga shagon, sauran suka biyo shi suka turo ƙofa. Tela na kan keke yana kalmashe bakin wani wando. Ya ɗago ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sauke ƙafarsa daga feda.

Abin da ya kawo su wani shafi ne a intanet mai suna Kujerar Baya. 'Yan wasan ƙwallon ƙafa na Jajaye sun shiga yajin aiki saboda kulob ɗin ya watsar da mai tsaron bayansu da ya karye a fili, ya bar shi da jinyar kansa. Magoya baya suka yi ca a kansu, ana ta kiransu maciya amana. Shi kuwa mai shafin nan sai ya rubuta cewa yaran suna kan gaskiya, kada su koma. Bai tsaya nan ba, ya ce Koraye, abokan gabarsu na gado, sun fi su taka leda bana, sun kuma fi su sanin darajar mutum. Ranar da ya ce mai son Jajaye da gaske ya ƙaurace wa filin, sai da wani ya rotsa wayarsa da bango don takaici.

Ba wanda abin ya ci wa rai kamar Ɗan Gola. Mahaifinsa ne ya tsare ragar Jajaye a zamanin da suke ɗaukar kofi, har yau ana rera sunansa a filin. Tare ƙwallo ya karkata masa yatsu duka, ko kofin shayi da tafin hannu biyu yake riƙewa. Kullum da hantsi yakan dogara sanda ya shiga kasuwa hira, ya dawo da la'asar, ba ruwansa da kowa. A wurin Ɗan Gola, duk wanda ya taɓa Jajaye tsohon nan ya taɓa. Shi ya sa ya rantse a gaban jama'a sai ya karya hannun da ke wannan rubutu, kuma duk wanda ya san shi a garejinsa na walda ya san ba cika baki yake yi ba.

Mai gyaran waya ne ya tona asirin. Tela ya kai masa wayarsa canjin gilashi, ya ga shafin a buɗe, tun kafin ya gama aikin labari ya zaga.

Ɗan Gola ya ɗauki wayar daga kan teburin yanka.

"Kawu, taka ce wannan?"

"Tawa ce."

"Kai kake rubuta abin nan?"

"Da hannuna nake rubutawa."

Wani direba a cikinsu, wanda ake kira Birki, ya ce Tela ya faɗi sunan ɗan wasan Jajaye ko guda ɗaya. Tela ya kasa kawo ko ɗaya. Wannan ya fi zagi ƙona musu rai. Mutumin da ko ƙofar fili bai sani ba, shi ne zai koya musu son kulob ɗinsu?

Birki ya fara kai masa mari, tabaransa ya yi tsalle ya faɗa cikin kwandon ƙyallaye. Aka fizgo shi daga kan keke aka tara masa ƙafa. Akwai wata kujera mai matashi a ƙuryar shagon, wani ya ɗauko ta ya karya a gadon bayansa. Jini ya ɓata farin yadin da ke shimfiɗe a tebur. Mai gyaran waya na gefe yana ɗaukar bidiyo, har da neman inda haske ya fi kyau, marar kunya.

Tela bai yi ihu ba, bai kuma kira sunan kowa ba. Ɗan Gola ya ɗauko dutsen guga, Birki ya danne wa Tela hannun dama a kan teburin keke. Sai a lokacin Tela ya buɗe baki.

"Ɗana, abu ɗaya nake roƙonka. Kada maganar nan ta kai kunnen babanka."

Ɗan Gola ya yi dariya. Ashe dai ya san ya yi abin kunya. Ya ɗaga dutsen gugar ya sauke, ya sake ɗagawa ya sauke, har sai da yatsun suka daina kama da yatsu. Da suka gama da na dama suka koma na hagu.

Kafin ya isa gida bidiyon ya karaɗe wayoyi. Ana ta yi masa kirari, wai ɗa ya gaji ubansa, wai yau an tsare ragar Jajaye. Ya tsaya a famfon bakin layi ya wanke hannu da bakin wandonsa. Zuciyarsa wasai, ji yake ya sauke nauyin da ke kansa.

Ya tarar da tsohon nasa zaune a tsakar gida, ya miƙe ƙafa ɗaya a kan kujera, sandarsa na jingine da bango. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Gwiwar nan ce ta hana ni fita yau, ga magana tana cina tun safe," in ji tsohon. "Na ji wai za a lallashi yaran nan su janye yajin. Je ka kasuwa ka ce da Tela ya zo mini da wayarsa, ina da abin faɗa a Kujerar Baya. Ka san ni ba ni da yatsu, nasa nake ara."