Man Birkin da Ba Ya Ɗiga a Ƙasa

Sabi'u, tun da ka ce ciwon kan nan naka ba wani abu ba ne, ƙwaya kawai kake haɗiya ya kwanta, bari in ba ka misalin wani mai taurin kai irin naka.

Direba ne a wani gari da ke bisa dutse, yana haya da motar lantarki, irin wadda ake yi wa caji kamar waya. Yana ji da motar nan, har darduma mai kauri ya shimfiɗa a ƙarƙashin ƙafarsa don kada takalmi ya ɓata ta. Aibinta ɗaya: lokaci-lokaci jar fitila kan kama a gabansa, in ya buɗe bonet sai ya tarar man birki ya yi ƙasa. Sai ya ƙara, fitila ta mutu, ya ci gaba da harkarsa. Abin bai taɓa damunsa ba, domin irin motar nan da ka ɗaga ƙafa daga totur take rage gudu da kanta, injin ya riƙe ta yana mayar da wuta cikin batir, sai mutum ya wuni a gari bai taka birki da ƙarfi ba. Ana nan sai 'yarsa ta fari, wadda ta zo wankan gida, ta yi arba'in, aka sa ranar da zai mayar da ita da jaririnta ɗakin mijinta. Hanyar kuwa da an fita gari sai doguwar gangara mai kwana-kwana, inda ko tsofaffin direbobi sai sun sake bisimilla. Ana gobe tafiya ya biya garejin wani makanike, ya ce a ɗan ƙara masa man birki, sauri yake yi.

Makaniken nan ni dai yana burge ni, don bai iya aikin ganin ido ba. Ya tambaya ko an taɓa ƙarawa, direba ya ce ai an saba. Sai makaniken ya mayar da gwangwanin man ya ajiye, ya ce, "Alhaji, birki ba ya shan mai. In ya ragu, wani wuri ya tafi." Direba ya yi dariya, ya ce a je a duba inda yake ajiye motar, ko ɗigo babu. Makanike bai yi musu ba. Ya shiga ƙarƙashin mota, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya shafa kowane tiyo da yatsa, duk a bushe. Da wani ne da nan zai tsaya, ya ce lafiya lau, ya karɓi na goro. Shi kuwa sai ya shiga motar ya zauna, ya ɗora ƙafa a kan birki a hankali, ya riƙe, yana jira kamar mai jiran liman. Da farko birkin ya tsaya ƙyam. Can sai ya fara nutsewa kaɗan-kaɗan, har ya kusa taɓa ƙasa. Ya fito ya durƙusa, ya yaye dardumar nan, sai ga ta sharkaf ta ciki. Ashe robar masta ce ta cinye, wato famfon da ke tura mai zuwa tayoyi in an taka birki. Man yana bin sandar birkin ta baya yana zirarowa cikin mota, darduma tana shanyewa.

Direba ya roƙa a lallaɓa a ƙara mai, in ya dawo a gyara, ga surukai na jira. Makanike ya ce, "Motarka ce, Alhaji. Amma da jariri a ciki, ba da hannuna ba." Ran direba ya ɓaci, ya faɗi maganganu, sannan ya koma kan benci yana ƙunƙuni. Makanike ya tsinke wutar motar tukuna, ya kwance mastar, ya nuna wa direba robar ta lalace kamar tsohon silifa, cikin ƙarfen ma ya karce. Bai yarda ya sa sabuwar roba a tsohuwar mastar ba, sai ya hau babur ya zaga kasuwa har ya samo sabuwar masta daidai da motar. Ya ɗaura, ya zuba sabon mai, ya sa direban da kansa ya riƙa taka birki, shi kuma yana fitar da iska taya bayan taya, har man ya fito babu kumfa. Dole aka ɗaga tafiyar, direba ya sha mita a gida.

Ranar tafiya ya cika batir taf, don kada wuta ta ƙare masa a daji. Abin da bai sani ba, batir in ya cika babu inda injin zai zuba wuta, saboda haka ba ya riƙe mota. Suna kama gangara ya ɗaga ƙafa kamar yadda ya saba, mota ta ƙi rage gudu. Ya ɗora ƙafa a kan birki ya riƙe, kwana bayan kwana, irin riƙon nan da tsohuwar mastar ke nutsewa a ƙarƙashinsa. Suna shan wata kwana sai ga ganye a kan titi, ga tirela ta lalace ta tare hanya. Ya danna da iya ƙarfinsa, mota ta tsaya cak, tsakaninta da tirelar bai kai tsawon tabarma ba. 'Yar ta ɗago daga baya ta ce, "Baba, lafiya?" Jaririn ko sakin nono bai yi ba. Ya ce lafiya lau, amma tsoro ya kama shi sosai.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, ruwa ba ya tsami banza.