Mai Tsire da Ruwan da Ke Komowa

Tunda ka ce ba kome, ruwan sama zai tafi da sharar da ka zuba a kwata, zauna in ba ka wani misali, ɗana.

An yi wani mai tsire, mutumin Arewa, da neman abinci ya kai shi wani gari a bakin teku, inda masu hali ke zuwa hutu. Garin an yanka masa hanyoyin ruwa tun daga teku, sun ratsa tsakanin masaukan baƙi kamar yadda lunguna ke ratsa unguwa, 'yan kwale-kwale na yawo da mutane a ciki. Ya samu wuri a ƙuryar wata hanya, inda ruwan ya tsaya, ya kafa tukubarsa. Allah ya sa wa hannunsa albarka. Da la'asar ƙamshin ƙuli da yaji kan bi ruwa, masu kwale-kwale su kawo masa baƙi har bakin matakala. Al'adar mutanen wurin, duk ranar Asabar in ruwa ya janye, kowa ya naɗe wando ya shiga da manjagara ya kwashe abin da ke gaban ƙofarsa. Shi ba ya shiga. A bakin kogi ya tashi, inda abin da ka jefa wa ruwa ya tafi ke nan, sai dai mutanen gaba su gani. Da ya lura wannan ruwan ma yakan ja ya nufi teku, sai ya riƙa jiran lokacin, ya juye masa tsinke da leda da robobi, ya tsaya ya ga sun yi nisa, ya kakkaɓe hannu. Wata tsohuwa mai suyar kifi a gefensa ta ce masa, "Mai tsire, wannan ruwan ba ƙaura yake yi ba, kasuwa yake zuwa ya dawo." Ya yi dariya ya ce, "Iya, ki ji da kifinki. Ni da ruwa ba yau muka saba ba."

Ruwan teku kuwa haka Allah ya yi shi, kullum ya janye ya komo. In ya komo, ya taho da abin da aka ba shi, ya tura har ƙurya inda ba gaba, ya ajiye. Leda ta kwanta, taɓo ya hau kanta, tsinkaye suka kafe suna tare duk abin da ya biyo. A hankali wurin ya cike. Ana haka lokacin hutu ya zo, wanda da cinikinsa yake riƙe iyalinsa a gida har shekara ta zagayo. Ran nan kwale-kwale ya taho da baƙi, saura kaɗan ya iso sai ya kafe. Mai tuƙi ya soka sanda don ya ture, wari ya taso, mata suka toshe hanci da gyale. Daga ranar masu kwale-kwale suka riƙa juyawa tun daga nesa. Nama ya kwana, mai tsire ya ɗumama shi, ya sake kwana. Sai ya kai ƙara wurin mai unguwa, wai maƙwabta na turo masa shararsu don hassada. Mai unguwa bai yi masa musu ba, ya ce a bari ruwa ya janye. Da ya janye maƙwabtan suka shiga. Duk manjagarar da aka ɗago, sai ga ta cike da tsinken tsire, bakinsa a ƙone, sarƙe da leda. A hanyar nan kaf, ba mai tsire sai shi. Tsohuwar ce ta miƙa masa tata manjagarar, ya naɗe wando ya shiga. Kafin ya gama yashe ƙofarsa, baƙi sun koma garuruwansu.

To ka ji. Ka tashi ka kwashe abinka tun hadari bai haɗo ba, kada ya je ya toshe ƙofar wani bawan Allah. Masu magana sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.