Wa Zai Biya Haƙoran Barakatu?

Kwana tara Barakatu ta yi ba ta tauna ko loma ɗaya ba. Ita da ke tuƙa tuwo a tashar Shinkafi, direbobi na layi a gabanta, sai ga ta tana rayuwa da kunu. Haƙorin tauna ne na ƙasa ya ruɓe, ciwon yana harbawa har cikin kunne.

Mijinta Ɗanbaba ya ce ba sai an je Gusau ba. "Ga Shamsuddeen nan Ƙaura, surukin Yaya Alhaji. Namu ne, zai duba ki da kyau."

Shi Shamsuddeen ɗin, shekara biyu ya yi yana miƙa wa wani likitan haƙori kayan aiki. Daga nan ya kama shago, ya sayi kujera da farar riga, gari ya ɗauka da kiran sa Dakta. Ba wanda ya taɓa cewa ya nuna shaidar karatunsa.

Ya leƙa bakinta ya ce, "Inna, ba sai an cire ba. Jijiyar za mu kashe, mu wanke ramin, mu cike. Aikin zuwa uku ne, amma tunda hanya ba lafiya, yau ɗin nan zan gama miki ki kama motar la'asar."

Ko hoton haƙorin bai ɗauka ba. Ya soke, ya ƙwaƙule, ya toshe. Ta ƙirga masa dubu sittin, kuɗin ragon da ta kiwata. Ta ce a ba ta rasit, Ɗanbaba ya watsa mata harara. A mota ya ce, "Rasit wurin suruki? So kike a ce mun maishe shi ɓarawo?" Don kunya ta bar zancen rasit.

Mako uku bayan nan fuska ta haye. Ido ɗaya ya rufe, baki ba ya buɗuwa ko yatsa ya shiga. Suka koma Ƙaura Namoda. Shamsuddeen ya dube ta ya girgiza kai.

"Kin tauna ƙashi da shi, Inna. Sai an sake aiki, dubu talatin. Ni ma kayan nan ba kyauta ake ba ni ba."

Da ƙyar maganar ta fito ta tsakanin haƙora. "Ka ɓata in biya, ka gyara in ƙara biya? Wallahi ko sisi!"

A babban asibiti a Gusau aka ɗauki hoto. Ashe tsinin ƙarfen da ake wanke jijiya da shi ne ya karye a ciki, Shamsuddeen ya gani ya cike a kai, bai gaya wa kowa ba. Likita ta ce ko hannun ƙwararre ƙarfe na karyewa, amma dole a faɗa wa mai haƙori, a nemi mafita. Mugunya ta riga ta ci ƙashi. Aka cire haƙora uku, aka tsaga ƙarƙashin muƙamuƙi. Kwana goma sha ɗaya tana kwance. Manyan tukwanenta da bencunanta duk suka tafi a kuɗin magani, wata ta gaje mata wuri a tasha. Leɓenta na ƙasa kuwa ya mutu, har yau ba ta jin sa.

Da ta fito ta ce sai an biya ta. Aka taru a zauren Alhaji Murtala, yayan mijinta, don sulhu. Abin da aka saba dai: a yi haƙuri, ƙaddara ce, zumunci ya fi kuɗi. Alhaji ya tura mata dubu biyar a kan tabarma, wai kuɗin mota.

"Ki ce kin yafe, Barakatu, magana ta ƙare."

"Alhaji, ciwon haƙori ƙaddara ne, na karɓa. Amma rufe ƙarfe cikin bakina ba ƙaddara ba ce, ha'inci ne."

Shamsuddeen ya gyara zama. "Ni ban san wani ƙarfe ba. Wanke mata baki kawai na yi. In akwai takardar da ta nuna na yi aikin jijiya, a kawo."

Ɗanbaba ya sunkuyar da kai. Barakatu ta kwance bakin mayafinta, ta fito da ɗan tsinin ƙarfen da likita ta ba ta a leda, ta ajiye kan kuɗin, ta tura su gaban Shamsuddeen.

"Riƙe kayanka. Wanga ƙarfe ba da shi aka haife ni ba. Kuma ku shaida, ban yafe ba, ba ni yafewa."

Aka yi ta salati, wai mace ta kunyata manya. Watanni dangin miji ba sa amsa gaisuwarta. Ta kai ƙara, aka tambaye ta shaidar biya, babu. Mijin da ya gani da idonsa ya ce ba zai tsaya a kan surukin yayansa ba. Ko kwabo ba ta samu ba, shagon kuma yana nan a buɗe.

Yanzu ƙosai take soyawa a ƙofar gida. Duk wanda ta gani dafe da kunci sai ta kira shi, ta ɗaga haɓa ta nuna masa tabon, ta faɗi sunan wanda ya yi mata, da ƙarfi, ko wa ke wurin. Alhaji ya aiko a ce ta daina. Ta ce a gaya masa bakin da ya rage mata nata ne.

Jama'a, kafin ku buɗe wa kowa baki, ku tabbatar likitan gaske ne, ku nemi hoto, ku karɓi kati da rasit, ku tambayi wanda zai ɗauki nauyi in aiki ya lalace. Neman shaida ba rashin kunya ba ne, ko wurin ɗan'uwa. In kun yi shiru, ku za ku biya, da aljihunku da jikinku.