Ranar Da Aka Raba Auta Da Gashinta

Shekarun Auta shida, amma gashin kanta ya isa a raba wa 'yan mata biyu. Baƙi ne wuluk, ga cika ga tsawo, sai dai in ya bushe taurinsa ya fi na soson wanke tukunya. Kakarta ta wajen uwa, wadda kowa a gidan ke kira Inna, ita ta san makamarsa. Duk ranar hutu takan zaunar da yarinyar a gabanta, ta lakato man kaɗe, ta murza a tafin hannu har ya narke, ta bi gashin tsaga-tsaga. Kafin a jima ya yi laushi, mataji na wucewa sumul. Abin da ya rage a hannu ta shafe mata gwiwa da diddige, shi ya sa Auta ba ta san kaushi ba, balle faso.

Mutum ɗaya ce abin bai yi wa ba, wato uwar yarinyar, wadda maƙwabta ke kira Anti Gayu. Sakatariya ce a wani ofis, irin matan nan da duk abin da bai zo a kwalba mai rubutu ba, a wurinsu ƙazanta ne.

"Inna, don Allah ki daina shafa mata abin nan," ta ce wata rana. "Jiya na je da ita ofis, wata ta rungume ta sai ta yamutsa hanci. Kamar in nutse don kunya."

"Da shi na rene ki," in ji Inna. "Ke mai ƙyamar tasa, nuna mini tabo ɗaya a jikinki."

"Wancan zamani daban, Inna."

Ana nan sai makaranta ta aiko cewa za a ɗauki hoton 'yan aji. Anti Gayu ta ƙudura sai gashin 'yarta ya kwanta luf ya sauko kafaɗa, a san 'yar wace ce. Ta bari sai da Inna ta tafi dubiya, ta ja hannun Auta zuwa shagon gyaran gashi.

Shagon ƙarami ne, madubi ɗaya, fanka ɗaya, mata biyu na jiran layi. Mai shagon ta damƙi gashin Auta ta ce, "Wannan ai sai mai ƙarfi." Ta janyo bokitin rilaksa, man nan mai miƙar da gashi, irin wanda ake sa wa manya. Sai da ta fara sa safar hannu tukuna. Ku duba rashin imani. Abin da take tsoron ya taɓa hannunta, shi ta laɓta wa kan yarinya 'yar shekara shida.

Tana gamawa ta koma kan wata, da yake haka take aikinta, kai uku a lokaci guda. Ba ta duba agogo. Kukan mai kai shi ne agogonta.

"Mama, zafi," in ji Auta.

"Daure, kyau za ki yi."

"Mama, yana ci na."

Mai shagon ko waiwayowa ba ta yi ba. "Ƙyale ta, Hajiya. In bai yi zafi ba, bai kama ba."

Anti Gayu ta so ta ce a wanke, amma ta ji kunyar a ce ba ta waye ba. Da yarinyar ta kai hannu za ta goge, uwar da kanta ta riƙe hannayen biyu gam, tana lallashi, Auta na shure-shure hawaye na zuba.

Da aka kai kan Auta bakin famfo, gashin ya biyo ruwa curi-curi. Fatar goshi ta saɓule ta yi jawur. Maimakon mai shagon ta ba da haƙuri, cewa ta yi, "Halan ta yi susa kafin ku zo?" Laifin ma yarinyar aka ɗora wa.

A asibiti likita bai ɓoye mata komai ba. "Wannan ƙuna ce, ba ta da maraba da ta wuta. Gefe da ƙeya za su tsiro. Amma daga goshi zuwa tsakiyar kai saiwar gashin ta mutu." Anti Gayu ta zauna daɓas a kan benci. Garin neman gira an rasa ido.

Inna ba ta yi faɗa ba. Sai bayan wata biyu, da raunin ya warke likita ya ce a riƙa shafa mai, Anti Gayu ta je kasuwa da ƙafarta ta ciko kwano da man kaɗe, ta dire a gaban tsohuwar.

"Inna, in ana shafawa kullum zai fito, ko?"

"Zai sa tabon ya yi laushi, ya rage mata ƙaiƙayi," in ji Inna. "Amma man kaɗe gyara yake yi, ba ya ta da matacce."

Anti Gayu ta lakato man, ta miƙa hannu za ta shafa wa 'yarta. Auta ta kauce da sauri, ta rufe kanta da hannu biyu ta ɓuya a bayan kakarta. Har yau ko ɗankwali ba ta yarda uwarta ta ɗaura mata.

Iyaye mata, kan yaro ba wurin gwajin gayu ba ne. Kada kunyar idon mutane ta sa ku raina mai lafiyayye irin man kaɗe ku rungumi mai ƙuna, kuma duk ranar da yaro ya ce zafi, ku yarda da shi.