Maƙerin Marigayi Ilu

Sallau ya ci amanar mamaci saboda doki mai fiffike.

A zamanin nan, idan kamfani ya fitar da sabon bugun littafin wasa, mutum ɗaya ya dangwala yatsa ya amince, sai tsohon rubutu ya goge daga littattafan abokan wasansa duka. Mu a shagon Bawa tela muke wasan labari. Shi ke jan labarin, kowa da gwarzonsa. Abokinmu Ilu ya zaɓi maƙeri a matsayin gwarzonsa, kuma bayan rasuwarsa ba mu yar da maƙerinsa ba. Sabon bugu kuwa babu maƙera.

Ran Asabar muka buɗe shafin Ilu, fari fat. Ashe abokin wasanmu Sallau ya dangwala yatsa.

Sallau ya ce, "Kamfani ya daina kula da tsohon. Da shi za mu tsufa?"

Bawa ya ce, "Ai mun riga mun tsufa. Me suka ba ka?"

"Doki mai fiffike, don gwarzona."

Ba wanda ya ɗaga murya, mun gaji. Har yau Sallau na zuwa, ana ba shi shayi. Yana jefa ƙwayar wasa ba mai dubawa, kuma Bawa bai sake ambaton gwarzon Sallau a labarin ba.