Ranar da Ba a Taje Kan Zambila Ba

Burin Garofița ɗaya ne a duniya: 'yarta Zambila ta shiga makarantar gari kamar 'ya'yan kowa. A unguwarmu ta ƙabilar Roma, can bayan layin dogo a gefen birnin Craiova, wannan ba ƙaramin buri ba ne.

Makarantar cike take da yaranmu, amma ko malami ɗaya babu daga cikinmu. Ita kanta Garofița ta nemi kwalejin horon malamai tana budurwa, aka ce mata, "Ke dai je ki koyi ɗinki. Wa zai ba ki ɗansa ki koyar?" Haka ta haƙura.

Ana saura kwana biyu a gwada sababbin ɗalibai, kakan Zambila ya rasu. A al'adarmu, muddin gawa na gida ba a wanka, ba a taje kai, barci ma sai dai gyangyaɗi. Ranar gwajin, Stănel mijin Garofița ya ce, "Haba, mata, yau ma boko? Bar yarinya ta yi kukan kakanta."

"In ta rasa yau, sai baɗi," in ji Garofița, ta ja hannun 'yar suka tafi.

Malaman gwaji suka ga yarinya kai buzu-buzu, ido jawur. Zambila sarkin surutu, wadda ke ƙirga wa kakanta dawakai da harsuna biyu, ranar ko sunanta da ƙyar ta faɗa. Aka rubuta cewa ƙwaƙwalwarta ba ta ja, a kai ta makarantar masu jinkirin fahimta.

Garofița ta ce, "Malama, don Allah a sake gwada ta. Makoki muke yi."

"Makoki ya hana sabulu? An riga an sa hannu, baiwar Allah."

Malamar ba muguwa ba ce, ba ta san mu ba ne kawai, kuma babu wanda za ta tambaya a ɗakin malamai. Yanzu shekarun Zambila goma sha biyu, tana can tana shafa kala a takarda, kuma daga waccan makaranta ba a wucewa sakandare. Wallahi duk ranar da na gan ta sai raina ya ɓaci.

Jama'a, a buɗe wa 'ya'yan kowace al'umma ƙofar koyon malanta. Inda babu malamin da ya san gidan yaro, yaron ne ke shan wahala, kuma har tsawon rayuwarsa.